DODON YANA CIKIN GIDA

Yau ina so mu ɗan sauka daga kan zancen girki da kwalliya, mu taɓa wata magana da na san wasunku za su ce, "Ita kuma wannan me ya kai ta?" Magana ce a kan tsofaffin finafinan ban tsoro na Amurka, irin baƙi da farin nan da aka yi da 'yan kuɗi ƙalilan fiye da shekaru hamsin da suka wuce, waɗanda daga baya 'yan kasuwa suka tattara su jibgi guda, suka zuba a kaset na bidiyo, sannan a faifan DVD, suna sayarwa da arha kamar ɓagas.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wata rana ƙanwata ta shigo ta same ni na ƙura wa talabijin ido, ta tsaya ta kalla na minti biyu, sai ta kwashe da dariya ta ce, "Haba Yaya! Wannan abin ne zai ba ki tsoro? Ai ko jinin nasu baƙi ne, dodon ma da gani mutum ne ya shafa hoda." Na ce mata, "Zauna ki gani." Ta zauna tana tsaki. To, in gajarce miki labari, daren nan sai da na raka ta bayi da fitila. Da safe na tambaye ta wane dodo ne ya hana ta barci, sai ta ce wallahi ba dodannin ba ne, mutanen ne. Wannan amsa tata ita ce gaba ɗayan abin da nake son faɗa, sai dai ina so in warware miki shi a hankali.

Da farko dai bari in faɗi gaskiya, kada wata ta saya ta ce na yaudare ta. Irin waɗannan tarin finafinai kamar buhun gyaɗar da ba a tsince ba ne, akwai mai kyau, akwai ruɓaɓɓiya, akwai tsakuwa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne na wani kamfanin Amurka mai suna Mill Creek, wanda ya cusa finafinai 50 a cikin faifai 12 ya kira su fitattun finafinan tsoro. Kalmar "fitattu" ɗin nan kuwa ta kasuwa ce kawai. A cikin hamsin ɗin akwai The Killer Shrews na shekarar 1959, labarin wasu jaɓa da suka yi girma suna cin mutane, alhali kuwa karnuka ne aka lulluɓa musu tsumma mai gashi aka maƙala musu haƙoran ƙarya, kina kallo kina ganin tafiyar kare ƙiri-ƙiri. Akwai Attack of the Giant Leeches, shi ma na 1959, inda ƙattin matsattsaku ke jan mutane cikin ruwa, amma da gani kin san mutum ne aka zura a cikin baƙar leda. Waɗannan sai dai a yi dariya a tashi. Ga hoton wani lokaci dishi-dishi, murya na shaƙewa kamar mai mura, domin ba daga kwafi na asali aka ɗauko su ba, kwafin kwafi ne.

Kuma 'yan kasuwar ba su rasa wayo. Fim ɗin The Little Shop of Horrors na 1960 da Roger Corman ya ɗauki mafi yawansa cikin kwana biyu, Jack Nicholson ya fito a ciki na 'yan mintoci kawai yana saurayi ba wanda ya san shi. Da ya zama babban jarumi, sai masu buga kaset suka riƙa manna fuskarsa ƙatuwa a bango kamar shi ne mai fim ɗin. Saboda haka 'yar uwa, kada bangon kaset ya ruɗe ki.

Za ki ce, to me ya sa suke arha haka? Dalili shi ne yawancinsu ba su da mai su a idon doka. A dokar Amurka ta wancan zamani, sai an rubuta alamar haƙƙin mallaka a jikin fim, kuma bayan shekara 28 sai an je an sabunta, in aka yi sakaci shi ke nan, fim ya zama na kowa, duk wanda ya ga dama ya buga ya sayar. Mafi ban tausayi shi ne abin da ya sami George Romero da abokansa. Sun haɗa kuɗi wajen dala 114,000 suka yi fim ɗinsu a wani ƙauye kusa da birnin Pittsburgh, suka sa masa suna. Kamfanin da ya karɓi rarrabawa ya canja sunan zuwa Night of the Living Dead, wato daren da matattu suka tashi, garin canja sunan sai aka manta ba a mayar da alamar mallaka ba. Fim ya fito ran 1 ga Oktoba 1968, ya tara miliyoyin daloli a duniya, amma waɗanda suka sha wahalar ba su ga abin kirki ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 1989 Amurka ta daina tilasta rubuta wannan alama, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Duk marubuciyar da ta taɓa ganin littafinta a kasuwa an buga ba da saninta ba, ta san irin zafin nan.

To amma a cikin wannan buhu akwai guda uku da nake ganin sun biya kuɗin faifan har da riba. Ki yi haƙuri, zan fasa ƙwai in faɗi ƙarshensu, domin ba yadda za a yi in auna fim ban taɓa ƙarshensa ba.

Na farko shi ne wannan na Romero. Wata budurwa mai suna Barbra da wanta Johnny sun je ziyarar kabarin mahaifinsu, sai wani mutum mai tafiya kamar maye ya far musu, ya kashe wan. Ta gudu ta faɗa wani gidan gona, can ta haɗu da wani saurayi baƙar fata mai suna Ben, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa. Ben ya ɗauki guduma da ƙusa ya shiga toshe ƙofofi da tagogi da katako, domin gawarwaki sun tashi suna neman naman masu rai. Can sai aka gano akwai mutum biyar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suka ɓuya: wani magidanci Harry da matarsa Helen da 'yarsu Karen wadda aka riga aka ciza, da kuma wani saurayi Tom da budurwarsa Judy. Mutum bakwai ke nan a gida ɗaya, mutuwa na zagaye da su.

Abin lura a nan shi ne, su dodannin nan ba su da wani ƙarfi. Tafiyarsu ta hawainiya ce, suna tsoron wuta, ba su da dabara. Da mutanen nan bakwai sun haɗa kai, da wataƙila sun ga safiya. Amma ina! Tun daga haɗuwar Ben da Harry sai gardama. Harry ya ce a koma ƙasa, ƙofa ɗaya ce za a tsare. Ben ya ce ƙasa tarko ce, in aka shigo ba hanyar fita. Kowa na son a ce shi ne mai gida. Bindiga ɗaya ce a gidan, idon kowa a kanta. Har matar Harry sai da ta gaya masa a fuska cewa shi damuwarsa kawai a ce shi ne mai gaskiya, kowa ya yi kuskure. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa ganin irin wannan namiji ba, wanda gida na ci da wuta shi kuwa yana neman wanda zai ce masa "ka yi daidai"?

Ki duba yadda suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Tom da Judy sun ƙone a mota garin zuba mai cikin gaggawa. Ben ya dawo da gudu yana buga ƙofa, Harry ya ƙi buɗewa. Daga baya aka yi kokawar bindiga, Ben ya harbe Harry da hannunsa. Yarinyar nan Karen ta cika a ƙasa, ta tashi, ta ɗauki cokalin magina ta kashe uwar da ta kwana tana jinyarta. Barbra kuwa wanta ne, wanda ya zama ɗaya daga cikinsu, ya ja ta waje. Shi Ben da ya rage, ina ya tsira? A ɗakin ƙasan nan da ya rantse ba zai shiga ba. Ashe mutumin banzan nan Harry yana da gaskiya, halinsa ne ya hana a saurare shi. Da gari ya waye, 'yan sintiri fararen fata suka zo da karnuka da bindigogi suna harbe gawarwakin, Ben ya leƙo ta taga, wani ya auna goshinsa ya harbe ba tare da ya tambaya ba, aka ja shi da ƙugiya aka jefa a wuta tare da sauran.

Ki tuna shekarar 1968 ce, shekarar da aka harbe Martin Luther King a watan Afrilu. Romero ya sha faɗin cewa ba don launin fata ya ɗauki Duane Jones ba, shi ne kawai ya fi kowa iyawa a cikin waɗanda suka zo gwaji. Ko da haka ne, mai kallo ba zai ga baƙin mutum ya tsallake dodanni ya faɗa hannun masu ceto ba, bai ji wani abu ya tokare masa ƙirji ba. Jinin da aka yi amfani da shi ruwan cakulan ne, naman da ake ci daga wurin mahauci aka samo, amma wannan ƙarshen ba na wasa ba ne. Shi ya sa a 1999 gwamnatin Amurka ta sa fim ɗin cikin jerin finafinan da ake adanawa don tarihi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan fim karin maganar nan ce aka mayar awa ɗaya da rabi.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. Matan fim ɗin an mayar da su kamar kayan ɗaki. Barbra tun da ta shiga gidan hankalinta ya gushe, ta ce sai an je an ɗauko wanta, ta mari Ben, shi kuma ya kai mata naushi ta suma, daga nan aka ajiye ta a kujera kusan har ƙarshen fim. Judy ba ta san komai ba sai bin saurayi har cikin wuta. Helen ce kaɗai mai hankali, ita ma ba wanda ya nemi shawararta. Ni ban yarda haka mata suke ba a lokacin tashin hankali. Mun ga gobara, mun ga rikici, mun san wa ke goya yaro ta riƙe biyu a hannu ta nemi hanya. Da alama shi ma Romero abin ya tsaya masa, domin da aka sake yin fim ɗin a 1990, shi ya rubuta labarin, sai ya mayar da Barbara jaruma mai riƙe bindiga, kuma ta tsira da ranta.

Na biyu shi ne wanda ya fi taɓa ni, Carnival of Souls na 1962. Mai shi Herk Harvey ma'aikaci ne a wani kamfani da ke yin finafinan ilimantarwa na makarantu da masana'antu a garin Lawrence na jihar Kansas. Wata rana yana tafiya a mota ya hangi wani tsohon gidan shaƙatawa mai suna Saltair da aka yashe a bakin babban tafkin gishiri na jihar Utah, ginin ya tsaya shi kaɗai kamar kufai, sai ya ce lalle a nan akwai fim. Ya ɗauki hutu na mako uku, ya tara wajen dala 33,000, ya yi shi. Da yake ba kuɗin ɗaukar dodo, shi da kansa ya shafa farar hoda ya zagaye idonsa da baƙi ya fito.

Labarin wata budurwa ce Mary, wadda Candace Hilligoss ta fito a matsayinta. Motarsu ta faɗa kogi daga kan gada tare da ƙawayenta biyu, ana ta nema, bayan awa uku sai ga ta ta fito ita kaɗai jiƙe da laka. Ta bar garin ta tafi wani birni ta kama aikin kaɗa ogan a coci, wato babban abin kiɗan nan mai kama da fiyano. Tun a hanya ta fara ganin fuskar wani farin mutum a gilashin mota yana kallonta. Ba ya magana, ba ya gudu, ba ya riƙe da wuƙa. Kallo kawai.

Wurin da ya fi tayar min da tsigar jiki ba dodo a cikinsa ko ɗaya. Mary ta shiga kanti ta gwada riga, ta fito daga ɗakin gwaji tana yi wa mai kanti magana, matar ba ta ko ɗago kai ba. Ta juya ga wani, shi ma haka. Ta fita titi, ga mutane na wucewa, ga masu aiki na fasa hanya da inji, amma ba ta jin ƙarar komai, kuma ba mai jinta, ba mai ganinta, sai ƙarar takalminta kaɗai. Wannan dabara ba ta ci ko sisi ba, murya kawai aka kashe. Amma 'yar uwa ki faɗa min tsakaninki da Allah, ba ki taɓa zama a tsakar gida cike da mutane kina magana kamar da bango ba? Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, ko matar da ta ce ba ta da lafiya aka ce raki ne, ai ba sai an fassara musu wannan wurin ba.

Kuma ki duba mazan da ta kai wa kukanta. Likita ya ce tunani ne kawai da firgitar haɗari. Limamin cocin ya ji kiɗanta ya canja, bai tambaye ta me ke damunta ba, ya kore ta daga aiki. Maƙwabcinta na gidan haya kuwa, mai leƙe ta ƙofa da kawo kofi da sassafe ba a aike shi ba, buƙatarsa daban ce. Ta yarda ta fita da shi don kawai tana tsoron zama ita kaɗai, da ya ga tsoron nata na gaske ne sai ya ce mahaukaciya ce ya cika wandonsa da iska. A ƙarshe aka jawo motar daga kogi, sai ga gawar Mary a ciki tare da ƙawayenta. Ashe tun farko ba ta fito ba.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Wasu 'yan wasan magana suke kamar masu karanta allo, wani wurin baki na motsi murya na baya, tsakiyarsa kuma yana jan ƙafa. Da ya fito bai yi kasuwa ba, Harvey bai sake kammala wani babban fim ba. Sai da talabijin ta riƙa nuna shi cikin dare, aka sake kai shi silima a 1989, sannan duniya ta san darajarsa, shi kuwa ya rasu a 1996. Allah Sarki, wani ya shuka, wani ya girba.

Na uku ba zan daɗe a kansa ba, domin ya fi kusa da wasa. House on Haunted Hill na William Castle, 1959. Vincent Price ya fito a attajiri da ya gayyaci mutum biyar su kwana a gidan da ake cewa akwai fatalwa, duk wanda ya kai safiya a ba shi dala 10,000. Shi Castle ɗan talla ne na gaske, har ƙwarangwal na roba yake ratayewa a waya a sako shi ta saman kawunan 'yan kallo a silima. Amma in kin cire ihun da ƙarar ƙofa, me ya rage? Miji da matarsa ta huɗu, suna murmushi suna kiran juna da sunan ƙauna, alhali kowa na haƙa wa ɗan uwansa rami. Ita ta haɗa baki da kwartonta likita, shi kuma ya riga ya gano. Duk abin tsoron da aka nuna mana, hannun mutum ne a bayansa. Auren da aka gina a kan dukiya da zargi, ai shi ne gidan fatalwar.

Kin ga ke nan inda ukun suka haɗu. Masu su ba su da kuɗin ƙera dodo mai kai bakwai, dole ta sa suka juya kyamara kan fuskar mutane. Rashin kuɗi shi kaɗai ba ya gyara fim, in da yana gyarawa da karnukan nan masu tsumma sun zama abin kirki. Amma talaka mai basira ya san cewa ba abin da ya kai ɗan Adam ban tsoro in son kai ya rufe masa ido, ko in ya toshe kunne ga na kusa da shi. Yawancin finafinan tsoro na yanzu masu kwamfuta da miliyoyin daloli firgita ki za su yi ki zabura, kafin ki gama wanke-wanke kin manta. Waɗannan kuwa sai bayan kwana uku kina tankaɗe abin ya faɗo miki a rai. Masu shirya namu finafinan na Hausa, waɗanda su ma da ƙaramin jari suka faro tun daga Turmin Danya a 1990, da ma za su ɗauki wannan darasi, su rage mana aljanu masu ɓacewa fat da dariyar ƙarya, su nuna mana tsoron da ke cikin ɗaki.

Sauran gargaɗi biyu. Na ɗaya, mu Musulmi mun san wanda ya mutu ba ya tashi sai ranar tashin ƙiyama, saboda haka tatsuniya ce irin ta Turawa, kamar yadda muke da Dodo da Gizo, kada wata ta ɗauke ta da wata fuska, kada kuma kallo ya ci lokacin salla ko na aikin gida. Na biyu, don Allah kada ki ga baƙi da fari ne ki ce ba komai ki bar yara a gaba. Lokacin da fim ɗin Romero ya fito, saura wata guda a fara tsarin kasa finafinai bisa shekaru a Amurka, sai aka riƙa nuna shi da rana yara na shiga. Wani mai sharhin finafinai na birnin Chicago, Roger Ebert, ya rubuta a farkon 1969 yadda ya ga yara sun shiga da murna, can sai silima ta yi tsit, wata yarinya 'yar kimanin shekara tara na zaune hawaye na zuba. Yaron da ya ga 'ya ta kashe uwarta, da me za ki goge masa?

Yau kaset ya zama tarihi, faifan ma ya ja baya, amma da yake finafinan nan ba su da mai su, suna nan kyauta a intanet, wasu ma an wanke hotonsu tas. In kin samu sarari, yara sun yi barci, ki kalli na Mary da na Ben. In kin gama, kafin ki duba ko an kulle ƙofar waje, ki fara duba na cikin gida: wa ke magana ba a jinsa, kuma wace gardama ce ake ta ja alhali ba ta da amfani ga kowa?

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya kare mu daga sharrin na waje da na ciki, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.